Bugun farko da kwafin share fage na littattafan almara: yadda ake gane na gaske

Tambayar da aka yi mini ita ce: "Na daɗe ina karanta littattafan almara na Turanci, irin na matsafa da dodanni da duniyoyin da marubuci ya ƙirƙira, yanzu kuma ina so in fara tara bugun farkonsu. Ina da wasu da aka rubuta 'First Edition' a ciki, na kuma samu wani kwafi mai bangon takarda da aka rubuta ba na sayarwa ba ne. Yaya zan gane na gaske? Kuma wannan kwafin da ake rabawa kafin littafi ya fito, yana da wata daraja?"

Ɗan'uwa, na ji daɗin tambayarka, musamman da ka ce karatu ne ya fara kawo ka. Wanda ya shigo wannan harka ta ƙofar karatu ya fi daɗewa a cikinta.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Kalmomin nan biyu da ka gani a cikin littattafanka ba su isa shaida ba. A wajen kamfanin ɗab'i, bugu yana nufin duk kwafin da aka fitar daga tsarin rubutu guda, ko da an koma injin sau talatin a cikin shekara goma. Muddin ba a sake tsara rubutun ba, bugun farko ne a wajensu. Masu tara littattafai kuwa, idan suka ce bugun farko, suna nufin abin da ya fito daga injin a karo na farko kawai, wanda nake kira zubin farko. Saboda haka kana iya riƙe littafin da ya ce shi bugun farko ne alhali zubi na goma sha bakwai ne, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya. Kama da wane ba ta wane.

Wurin da za ka fara dubawa shi ne bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, inda ake rubuta haƙƙin mallaka. A yawancin littattafan da aka buga daga shekarun 1970 zuwa yau za ka ga wani jerin lambobi a can ƙasa, wani lokaci daga 10 zuwa 1, wani lokaci a gauraye kamar 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2. Tsarin jerin ba shi da muhimmanci. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ke gaya maka zubin da ke hannunka. Idan 1 tana nan, zubin farko ne. Idan jerin ya fara daga 4, an goge 1 da 2 da 3 ke nan, kana riƙe da zubi na huɗu. Dalilin wannan al'ada mai sauƙi ne: a zamanin da ake buga littafi da faranti, goge lamba ɗaya ya fi sake tsara layi araha. Amma kowane kamfani da halinsa. Random House ya yi shekaru da dama yana fara jerin zubin farkonsa daga 2, tare da rubuta cewa bugun farko ne, sai idan an koma zubi na biyu a cire kalmomin a bar lambobin. Wanda bai san haka ba zai ajiye na gaske ya wuce. A da kuma, yawancin kamfanonin Ingila ba su amfani da lambobi ko kaɗan. Sukan rubuta shekarar da aka fara buga littafin, idan aka sake zubi sai a ƙara layi a ƙasa. A irin waɗannan, rashin ƙarin layin shi ne shaidarka.

Bayan lambobi sai kurakurai, kuma nan ne harkar take da daɗi. Kuskuren da ya kuɓuce wa masu gyara a zubin farko, aka gyara shi a na biyu, yakan zama tambarin da ba a iya musu da shi. The Hobbit na Tolkien ya fito ranar 21 ga Satumba 1937 daga kamfanin George Allen & Unwin a Landan, kwafi 1,500 kacal. A jikin rigar takardar da ake lulluɓe bango da ita, ta wajen baya, an rubuta sunan Dodgson, wato marubucin da aka fi sani da Lewis Carroll, da ƙarin harafi, ya zama Dodgeson, sai aka bi kwafin ana soke harafin da tawada da hannu. Wannan ɗan ɗigon tawada yana cikin abubuwan da ake fara nema idan aka ga rigar 1937. Littafin Harry Potter na farko, wanda Bloomsbury ya fitar ranar 26 ga Yuni 1997, kwafi 500 aka yi masu bango mai tauri, kuma kusan 300 daga ciki ɗakunan karatu aka kai su, inda yara suka karanta su har suka yage. A shafi na 53, cikin jerin kayan da ake so ɗalibi ya zo da su makaranta, an ambaci sandar tsafi sau biyu. A bangon baya an tsallake harafi ɗaya a cikin kalmar Philosopher's da ke sunan littafin. A shafin haƙƙin mallaka an rubuta sunan marubuciyar Joanne Rowling maimakon J. K. Rowling, jerin lambobin kuma ya sauko daga 10 har 1. Sai dai ka kula, ba kowace alama ce ke tsayawa ita kaɗai ba. Wasu kurakuran sun ci gaba har zubin da suka biyo baya, don haka ana so alamun su haɗu duka a kwafi guda, tare da jerin lambobin.

Akwai abin da ya sa nake ganin bugun farko ya wuce kayan ado, kuma The Hobbit ne ya koya mini shi. Babi na biyar na bugun 1937 ba shi ne wanda yawancin mutane suka karanta ba. A na asali, Gollum, wata halitta mai riƙe da zoben tsafi, da kansa ya yi alkawarin ba Bilbo, jarumin littafin, kyauta idan ya ci gasar kacici-kacici, da ya nemi zoben don ya ba shi ya rasa sai ya yi ta ba da haƙuri, ya nuna masa hanyar fita. Da Tolkien ya zurfafa cikin rubuta The Lord of the Rings, ya ga cewa zoben da ya zama abin da ya zama ba zai yiwu a bayar da shi kyauta ba, sai ya sake rubuta babin, sabon ya fito a bugu na biyu a 1951. Ka ga ke nan tsohon kwafin yana riƙe da labarin a matsayin da yake kafin marubucin ya san inda za shi. Wannan shi ne abin da nake nema a cikin littafi idan na ɗauke shi.

Yanzu tarkon da ya fi kama sababbin shiga, wanda ni ma ya kama ni. A Amurka akwai ƙungiyoyin da suka daɗe suna buga wa mambobinsu littattafai a farashi mai sauƙi suna aika musu ta gidan waya, kuma Science Fiction Book Club, wadda ta fara a 1953, ta buga littattafan almara masu yawan gaske. Kwafinsu yana da bango mai tauri da riga mai hoto iri ɗaya da na asali, wani lokaci har shafin haƙƙin mallakar ma an kwafe shi yadda yake. Na taɓa biyan kuɗi mai nauyi a kan irin wannan, daga wajen wani mai sayarwa da na yi imani shi ma bai sani ba. Da littafin ya iso na ajiye shi kusa da wani na kamfanin guda, sai na ga ya fi guntu, ya fi sauƙi a hannu, takardarsa ta fi siriri. Na buɗe rigar, babu farashi a kusurwar ciki. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin na daɗe ina neman littafin. Tun daga ranar, kafin in duba komai sai na duba kusurwar gaba ta rigar. Idan babu farashi kuma babu alamar an yanke shi da almakashi, sai in juya bangon baya in shafa kusa da gindi, domin wasu ƙungiyoyin sukan danna ɗan ƙaramin tambari marar launi a wurin. Araha ba ta ado, amma a wannan harka tsada ma ba ta zama shaida.

Sai batun ƙasa. Littafi guda yakan fito a Ingila da Amurka daga kamfanoni biyu, kowanne da nasa bugun farko. Wanda ya riga fitowa shi ake kira na asali, ko da kwana uku ne tsakani. Wasu masu tarawa kuma suna bin ƙasar marubucin ne. Harry Potter na kamfanin Scholastic ya fito a Amurka a 1998 da wani suna daban, bugun farko ne na Amurka, amma ba ya kusa da na Bloomsbury a daraja. A Game of Thrones ya fito a 1996 daga Bantam a Amurka da kuma Voyager a Ingila kusan lokaci guda, har yau masu tarawa suna ja-in-ja a kan wanda ya kamata a fifita. Wani lokaci kuma na asalin yana wurin da ba a zata ba. A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin wani ƙaramin kamfani ne mai suna Parnassus Press a Berkeley ta Kalifoniya ya fitar da shi a 1968. Eragon iyayen marubucin ne suka fara buga shi da kansu kafin Knopf ya karɓa ya fitar a 2003. The Colour of Magic, littafin farko na jerin Discworld na Terry Pratchett, Colin Smythe ne ya fitar da shi a 1983, kwafi 506.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan lambobi: 1,500, 500, 506. Duk littattafan mutanen da ba a san su ba ne a lokacin, kamfani bai yarda ya zuba kuɗi da yawa ba, masu saye kuma ba su adana ba domin ba su san me suka saya ba. Daraja tana zuwa ne idan ƙarancin da ba a shirya ba ya gamu da ƙaunar da ta zo daga baya. Shi ya sa wani kwafin Harry Potter na farko ya kai dala 471,000 a gwanjon Heritage a Disamba 2021, kuma wani The Hobbit da Tolkien ya ba wata tsohuwar ɗalibarsa da rubutun hannunsa ya kai fam 137,000 a gidan gwanjon Sotheby's a 2015. Littafin ƙarshe na jerin Harry Potter kuwa, zubin farkonsa a Amurka kaɗai kwafi miliyan 12 ne a 2007. Bugun farko ne na gaskiya, amma yana cikin gidaje masu yawan gaske. Ko The Lord of the Rings ya nuna haka: juzu'i na farko a Yuli 1954 kwafi 3,000, na biyu 3,250, na uku a Oktoba 1955 ya tashi zuwa 7,000, domin zuwa lokacin an fara gane abin da ake da shi.

Wannan ya kawo ni ga kwafinka mai bangon takarda. Abin da ke hannunka shi ne kwafin share fage. Watanni uku zuwa shida kafin littafi ya shiga kasuwa, kamfani yakan buga kaɗan ya aika wa masu sharhin littattafai, da masu shaguna, da ma'aikatan ɗakunan karatu, da wasu marubuta da ake so su yaba. Iri biyu ne, ko da yake sunayen sukan cakuɗe. Akwai wanda ba a gama gyara ba, mai bango marar hoto, sau da yawa launi guda da rubutu kawai, wani lokaci ma babu taswira ko lambar shafi a jerin babi. Akwai kuma wanda aka yi don talla, mai hoton bango kusan irin na ƙarshe, da bayanin ranar fitowa da tsarin tallan a baya. Na farkon yakan fi ƙaranci. Na biyun, idan kamfani ya sa rai a kan littafi, yana iya buga dubbai ya raba a tarukan masu sayar da littattafai.

Yana da daraja? Amsata ita ce yana da ita, amma ba yadda hankali zai fara zato ba. Mutum zai ce tunda ya riga bugun farko fitowa kuma ya fi shi ƙaranci, dole ya fi shi tsada. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Kwafin share fage na Harry Potter na farko kusan 200 aka yi, fari da ratsin rawaya, har an yi kuskuren sunan marubuciyar a shafin farko an sa J. A. maimakon J. K. Ya fi mai bango mai tauri ƙaranci, amma wanda aka yi gwanjonsa a Ingila a farkon 2024 fam 11,000 ya yi kafin a ƙara la'adar masu gwanjo. Kuɗi ne mai yawa, sai dai ka gwada shi da na sama. Dalili shi ne yawancin masu tarawa littafin da aka gama suke so, mai riga da hoto, wanda zai tsaya a kanta. Masu neman kwafin share fage tsiraru ne, galibi waɗanda suka riga suka mallaki komai na marubucin.

Ni dai ina cikin tsirarun nan, kuma zan gaya maka dalili. Kwafin share fage shi ne kaɗai wurin da mai karatu na gari zai iya ganin littafi yana kan hanya. Wani lokaci sunan wani gari ya canza kafin bugun ƙarshe, wani lokaci an cire sakin layi, wani lokaci an sake ƙarshen babi. Idan ka samu lokaci ka ajiye kwafinka gefe da littafin da aka gama, ka bi su shafi da shafi. Ko ba ka samu bambanci ko ɗaya ba, za ka san littafin fiye da yadda ka san shi. Idan akwai wasiƙar edita ko takardar talla a ciki, kada ka raba su, domin su ne shaidar inda kwafin ya fito. Kuma ka sani irin wannan kwafi yana ƙara wuya, tunda kamfanoni sun koma aika na na'ura ta dandali irin NetGalley, suna rage na takarda.

Game da rubutun da ke cewa ba na sayarwa ba ne: an daɗe ana cinikin tsofaffin kwafin share fage a fili, manyan gidajen gwanjo ma suna yi. Abin da ba na yi, kuma nake roƙonka kada ka yi, shi ne saye ko sayar da kwafin littafin da bai fito ba tukuna. Marubuci ba ya samun ko sisi daga gare shi, kuma an ba mutumin ne bisa amana don ya karanta ya yi sharhi. Sabon marubuci yana rayuwa ne a kan cinikin makonnin farko. Idan ka samu kwafin share fage na marubucin da ke raye kuma littafin ya burge ka, ka sayi wanda aka gama shi ma.

Lafiyar littafi ba ta buƙatar dogon bayani, amma ita ke yanke farashi. A littattafan ƙarni na ashirin rigar takardar nan takan ɗauki mafi yawan darajar, har ta fi littafin kansa. Kwafin da ya fito daga ɗakin karatu, mai tambari da aljihun kati, yakan faɗi ƙasa sosai, sai fa a irin littafin da yawancin kwafinsa can aka kai. Layin alƙalami a gindin shafuka yana nufin kwantai ne da aka karyar da farashinsa. Ka sa wa riga leda mai haske wadda aka yi don adana takardu, kada salatif ya taɓa littafi ko da wasa, ka nisanta shi daga rana domin takan cinye launin gadon baya, musamman ja. Laima ita ce babbar abokiyar gaba, tana kawo ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da fumfuna. Kwafin share fage kuma an yi shi ne don a karanta sau ɗaya, mannin da ke riƙe shi ba shi da ƙarfi, kada ka buɗe shi ka danne.

Sa hannun marubuci yana ƙara daraja, kuma shi aka fi yin jabunsa. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa shi ne tarihin kwafin: wa ya karɓa, a ina, yaushe. Ka kuma bambanta sa hannun da aka yi a jikin littafin da wanda aka yi a kan takarda daban aka manna a ciki a wajen ɗauri, wanda marubuci kan sa wa dubbai a zama ɗaya.

A 'yan shekarun nan an cika kasuwa da bugu na musamman: gefen shafuka mai fenti, lamba a kan kowane kwafi, akwatin da ake aikowa duk wata. Wasu suna da kyau na gaske, kuma kamfanoni irin Subterranean Press da Folio Society suna aiki mai inganci. Idan kyan ne ya ja ka, saya ka more. Abin da nake so ka gane shi ne kowa da ya sayi irin wannan yana adana shi cikin leda tun ranar farko, saboda haka bayan shekara ashirin kusan duk kwafin suna nan lafiya lau. Ƙarancin da aka shirya ba ya yin abin da ƙarancin haɗari yake yi.

Ta inda za ka fara kuwa, ka zaɓi marubuci ɗaya ko biyu da ka fi ƙauna, ka san su ciki da waje. Akwai littattafan da masana suka rubuta suna bayyana kowane zubi dalla-dalla: Wayne Hammond da Douglas Anderson sun yi na Tolkien a 1993, Philip Errington ya yi na Rowling a 2015, L. W. Currey kuma tun 1979 ya tattara bayanin zubin farko na marubutan almara masu yawa. Rumbun bayanan littattafan almara mai suna ISFDB da ke intanet kyauta ne, yana nuna kamfani da shekara da farashin da ke jikin riga. Idan za ka duba farashi, ka nemi abin da aka sayar, domin abin da mai kaya ya yi wa kuɗi buri ne kawai. Idan kuɗin ya yi nauyi, ka saya daga dillalin da ke cikin ƙungiyar masu sayar da tsofaffin littattafai, irin ABA ta Birtaniya ko ABAA ta Amurka, domin ƙa'idarsu ta tilasta musu karɓar kaya idan bayanin da suka yi bai dace ba. Kafin ka biya, ka nemi hoton shafin haƙƙin mallaka, da kusurwar riga mai farashi, da bangon baya ba tare da riga ba. Mai sayarwar da ya ƙi aiko waɗannan uku, ka bar masa kayansa.

Littattafan da ke hannunka yanzu, ka ɗauko su yau ka duba jerin lambobin da kusurwar rigar. Kwafin share fagen kuma ka rubuta a wata takarda daban inda ka same shi da ranar da ka same shi, ka saka a ciki.